Yaya ake gane cewa hayaƙin da ke yankin Aktik daga nesa ya zo?

Ɗan'uwa na Gusau, ka tambayi yadda masana ke tabbatar da cewa gurɓatacciyar iskar Aktik, yankin ƙanƙara da ke ƙuryar arewacin duniya, baƙuwa ce, tunda can ba a cika samun masana'antu ba.

Iskar ce ke tona asirin kanta. Akwai gas mai suna radon-222 da ke fitowa daga ƙasa, teku kuwa ɗan kaɗan yake fitarwa. Duk kwana 3.8 rabinsa ke rikiɗewa. Saboda haka in na'urorin tashar binciken iska ta Alert da ke yankin Aktik na Kanada suka ga radon ya yi yawa, an san iskar ba ta jima da baro doron ƙasa ba. Abin da yake rikiɗewa ya zama har da dalma-210, mai manne wa ƙura; ita sai shekara 22 kafin rabinta ya tafi. A ganina ita ta fi amfani, don tare take tafiya da hayaƙin. Wani sinadari kuma mai suna beriliyam-7 can sama yake samuwa, yawansa na nuna iskar daga sama ta sauko.

Hazon da wannan hayaƙi ke haddasawa a Aktik ya fi kauri a ƙarshen hunturu da farkon bazara, galibi daga Turai da Rasha, kamar dai yadda ƙurar Bodele ta Chadi ke rufe mana Gusau.