Jifa ba ta jiran usur

Ka tambaye ni ko ɗan wasa zai iya yin jifa da sauri ba tare da ka busa usur ba, da kuma yaushe za ka hana bugun tazara na gaggawa. Yaro, a zamaninmu wanda ya yi wannan tambaya bayan ya karɓi rigar alƙalin wasan ƙwallon ƙafa, tuta ake ba shi ya koma gefe. Amma tun da ka tambaya, saurara.

Jifa ba ta buƙatar usur. Haka bugun kusurwa, haka bugun gola, haka yawancin bugun tazara. Yadda ake riƙe ƙwallo da inda ƙafa take tsayawa ba zan ɓata bakina a kai ba, yaran firamare sun sani. Abin da nake so ya zauna a kanka shi ne babu satar gida a jifa, kuma abokin hamayya sai ya ja da baya mita 2 daga inda ake jefawa. Wannan doka ta babu satar gida ita ta ci mini babur.

Wasan ƙarshe ne na kofin wani mai kuɗi a wani gari, ƙungiyarsa ce ma ke bugawa. Ƙwallo ta fita kusa da tsakiyar fili, jifar baƙi ce. 'Yan bayan masu gida suka tsaya gardama da ni wai tasu ce, ɗaya har da riƙe ƙugu. Yaron baƙi bai saurare su ba, ya sure ƙwallo daga hannun wani ɗan kallo, ya tsaya daidai inda ta fita, ya wurga wa ɗan gabansu da ke tsaye shi kaɗai bayan kowa. Kafin su juya ta shiga raga. Mataimakina, ɗan garin ne, sai ya ɗaga tuta. Na san ya san doka, na ga hannunsa yana rawa, tsoron mutanen da ke bayansa ne. Na yi masa alama ya sauke, na nuna tsakiyar fili.

Filin babu shinge, igiya ce kawai, sai 'yan kallo suka yo kaina. Wani mai shayi ne ya tura ni shagonsa ya ja ƙofa. Da na fito bayan magariba, babur ɗina da ban gama biyan kuɗinsa ba an fasa fitila, an farke kujera, an zuba ƙasa a tanki. Mai kofin da ya kira ni "Malam" da safe ya aiko a ce mini ba shi da kuɗin sallamar ɓarawo. Bai tsaya nan ba, ya rubuta takarda wai baƙi sun saye ni, kuma waɗanda suka karanta takardar ba wanda ya buɗe littafin doka. Aka daina ba ni wasa har kakar ta ƙare, kwas ɗin ƙarin girma ya wuce ni, yaran da na koya wa riƙe usur suka sha gabana. Har yau in na ga mutumin a wurin ɗaurin aure ba na miƙa masa hannu.

Su kuwa waɗannan 'yan kallo su ne suka cika gidajen kallo da ihu a 2019, lokacin da Alexander-Arnold ya yi bugun kusurwa da sauri, Origi ya ci, Liverpool ta fitar da Barcelona da 4-0 a Anfield. A Ingila wayo ne, a garinsu sata.

Bugun tazara kuwa, bakinka ne ke ɗaure ka. In ƙwallo ta tsaya cik, a inda aka yi laifin, kuma ba ka ce komai ba, bar su su buga. Haka Henry na Arsenal ya ci Chelsea a 2004 suna ta shirya katanga, alƙalin wasa Graham Poll ya bar ƙwallon. Amma da zarar ka nuna usur ka ce a jira, ko ka fara auna wa katanga mita 9.15, to sai ka busa. Bayan kati, bayan canji, bayan an duba wanda ya ji rauni, duk sai da usur. Tun 2019 an yi sassauci: in za ka ba da kati amma ba ka fara ba, waɗanda aka yi wa laifi suka buga da sauri kuma damar cin ƙwallo a fili take, ka bar su, ka ba da katin in wasa ya tsaya. Wanda ya tsaya gaban ƙwallo da gangan don ya hana bugu, katin gargaɗi ne. Wanda aka buga ta same shi yana ja da baya, wasa ya ci gaba.

Ku yaran yanzu kun fi son a ga kuna fesa farin layi kamar a talabijin, kowane bugu sai kun mai da shi biki. Kuna taimakon mai laifi ne ba ku sani ba, don shi ke neman lokacin shirya baya.

Ranar Asabar kafin ka shiga fili, ka ƙirga ƙwallayen da ke gefe, ka san yaran da ke miƙo su na wa ne, don masu gida kan ɓoye su in suna kan gaba. Ka zaunar da mataimakanka ka maimaita musu maganar jifa ko da sun ce sun sani. Babur ɗinka kuma ka ajiye shi nesa da fili, a gidan wanda ka yarda da shi.