Amino Asid da Gudun Dogon Zango

Ka tambaya ko garin amino asid (ƙananan sinadaran da ke haɗuwa su zama furotin) da ake zubawa a ruwan sha yana rage ƙishin jiki ko ƙara juriya ga mai gudun dogon zango. A ganina, amfaninsa a lokacin gudun kansa bai kai yadda ake tallata shi ba.

Hujjar masu sayar da shi tana da tushe, domin wasu amino asid kamar alanin da gulutamin suna ratsa bangon hanji tare da sinadarin sodiyam, ruwa kuma yana bin sodiyam ɗin zuwa jini. Sai dai gulukos, wanda nau'in sukari ne, shi ma yana yin wannan aikin, kuma a kansa aka gina ruwan gishiri da sukari da ake ba masu ciwon gudawa. Haka nan an yi hasashen cewa amino asid ɗin nan uku, lusin, isolusin da balin, za su rage shigar tiriftofan, wani amino asid da ake dangantawa da jin gajiya, cikin ƙwaƙwalwa, su jinkirta gajiya, amma gwaje-gwaje ba su nuna ƙarin sauri mai tabbas ba ga wanda ya riga ya sha isasshen sukari.

Idan gudunka zai wuce awa ɗaya, ka nemi giram 30 zuwa 60 na kabohaidiret (sukari ko sitaci) a kowace awa, tare da ruwa mai gishiri gwargwadon guminka, ba tare da wuce kima ba, domin yawan ruwa zalla yana iya sauke sodiyam na jini zuwa matakin haɗari. Furotin kuwa ya fi amfani bayan an gama, kimanin giram 20 zuwa 25, wanda madara ko ƙwai ko nama za su wadatar. Mai ciwon ƙoda ya tuntuɓi likita tukuna.