Kariyar ɗaukar kekuna a bayan Prado: abin da na gaya wa yarona

Jiya bayan la'asar muna tattara kayan aiki a garejinmu na Ƙofar Ƙaura, sai yarona ya miƙo mini waya. Wani Alhaji mai Prado ne ya turo masa hotuna biyu na kariyar ɗaukar kekuna, irin wadda ake sokawa a ƙarfen ja na bayan mota. Gonarsa tana can gaba da Daura wajen Baure, kuma in damina ta kankama akwai inda mota ke tsayawa, sai dai shi da ɗansa su ƙarasa a keke. Yaron ya ce, "Oga, wacce zan ce masa ya saya, ta ratayawa mai araha ko mai faranti? Ko mu haɗa masa tamu kawai?" Ga amsar da na ba shi.

Ɗana, ajiye wayar nan tukuna. Gobe in ya kawo motar, ka shimfiɗa kwali ka kwanta ka leƙa ƙarƙashinta da tocila, can amsar take. Abin da nake so ka gano shi ne mene ne a bayan motar, kuma da me aka kama shi. In ka ga baki mai kusurwa huɗu, ka sa tef ka auna cikinsa. Na manyan motoci inci 2 ne, wato milimita 50 da ɗoriya, fin ɗinsa kuma, wato ɗan ƙarfen da ake cusawa ta gefe ya riƙe kariyar, biyar bisa takwas na inci, kusan milimita 16. Akwai ƙarami mai inci ɗaya da kwata da ake sa wa ƙananan motoci. Wannan ka mance da shi in dai hanyar gona ce. Wasu motocin kuma ƙwallo za ka tarar mai milimita 50, kuma kariyar da ke kama ƙwallo daban take da wadda ake sokawa a baki. Mutum ya sayo ɗaya alhali ɗayar ce a motarsa, to ya yi asarar kuɗin jirgi. In kuwa zobe kawai ka gani ko ƙugiya, wannan na fizgo mota ne daga laka, ba a ɗora masa kaya.

Ka bi ƙarfen da hannunka har inda ya ƙare. Dole ya kasance a jikin shasi yake, da manyan notina hagu da dama. Duk wanda aka liƙa a bamba ado ne. Sannan ka goge ƙura ka nemi ɗan allon da kamfani ke mannawa, domin a nan ake rubuta nauyi iri biyu, wanda ƙarfen zai iya ja da wanda zai iya ɗauka a kansa. Na biyun ne namu. A irin na Turai za ka ga harafin S da adadin kilo a gabansa. Mutane suna ruɗuwa a nan, su ce ai motar tana jan tirela cike da buhunan gero, kekuna biyu me za su yi mata. Ja daban, dako daban.

Ɗauko gudumar can babba. Riƙe ta a ƙirjinka. Yauwa, to miƙe hannunka gaba da ita. Ka ji yadda kafaɗarka ta amsa? Gudumar ba ta ƙara ko giram ɗaya ba, nisa ne ya ƙaru. Haka kariya take yi wa ƙarfen ja. A ce ita kanta kilo 20 ce, kekunan Alhaji kowanne kilo 18, ka ga 56 ke nan, amma suna can rataye nesa da bakin. Yanzu ka yi tsalle da gudumar a miƙe. Abin da gargada ke yi ke nan, kuma bayan mota ya fi ko'ina cilla kaya sama, tambayi duk wanda ya taɓa zama kujerar ƙarshe a bas. Daga Katsina zuwa Daura kimanin kilomita 80 ne na kwalta, wannan ba ya ba ni tsoro. Kilomita goman da ke bayan an sauka daga kwalta su nake ji.

Shi ya sa wasu kamfanonin suke rubuta adadi biyu a takardar kariyar, na kwalta da na hanyar daji, kuma na dajin ya fi ƙanƙanta. Wasu ma ƙarara suke rubuta cewa kada a sauka da ita daga titi. Ka ce wa Alhaji ya sa mai sayarwar ya turo hoton wannan shafin kafin ya biya ko sisi.

To, mu zo kan biyun da ya turo. Ta ratayawar nan, keke yana rataye ne ta sandar tsakiya, tayoyinsa suna lilo. A cikin gari daga GRA zuwa Ƙofar Soro babu laifi. A burji kuwa kekunan za su yi ta gwabza juna, fedar wannan ta shiga sifokin wancan, fenti ya ƙwarzane, kafin a isa gona wili ya karkace. Keken mata da na yara ma ba su da miƙaƙƙiyar sandar da za a rataya. Mai farantin ita tayoyi ke zama a kanta a ɗaure, ga hannu yana danne keken daga sama, kowanne yana mazauninsa. Ta fi tsada kuma ta fi nauyi, amma ita zan ce ya saya, mai cin keke biyu kacal. Kada ya yi kwaɗayin mai huɗu don wai wata rana, domin kowane mazauni da aka ƙara yana ƙara miƙe hannun nan da ka ji a kafaɗarka.

Sai maganar ƙasa. Ka san yadda hanyoyin can suke, a gangara kwari a haura, ko a tsallaka inda ruwa ya zaizaye gefen kwalbati. Lokacin da tayoyin gaba suka fara hawa, gindin motar ne ke yin ƙasa. Prado an yi ta da gajeren baya don ta tsira a irin wannan wuri, kai kuma ka ƙara mata jela. Don haka ka zaɓar masa wadda wuyanta ya lanƙwasa sama daga bakin, farantin ya zauna sama da bamba ko daidai da ita. Akwai gwajin da nake yi da katako: ka sa kansa ɗaya a gindin tayar baya inda ta taɓa ƙasa, ka ɗaga ɗaya kan har ya taɓa bamba. Duk abin da ya sauko ƙasa da katakon nan, shi zai fara dukan ƙasa.

Matsalar Prado ɗinsa ita ce safayar da ke jikin ƙofar baya, ga ƙofar kuma gefe take buɗewa. Ka auna daga ramin fin zuwa fuskar safayar, ka ƙara da faɗin da kan keke da feda za su ci. In kariyar ta yi gajarta, mai sayarwa zai ce a sa mata ƙari a tsawaita. Ni ba na son ƙarin nan. Gaɓa ɗaya ta zama biyu, wasa ya ninka, kuma masu ƙera shi da yawa suna rubuta cewa yana rage nauyin da aka yarda da shi har rabi. Gara mai dogon wuya tun asali. Kariyar da ke kwantawa baya an yi ta ne don but mai ɗagawa sama, ba za ta ba ƙofarsa hanya sosai ba. Mai juyawa gefe kamar ƙyaure ita ke buɗe masa, sai dai ta fi nauyi. In ya yarda ya riƙa sauke kekuna kafin ya buɗe baya, ya huta da wannan kuɗin.

Yanzu abin da ya fi damuna, wasa. In ka soka kariya a baki ka sa fin kawai, kama ƙarshenta ka girgiza, za ka ji ƙwas-ƙwas. Wannan ɗan motsin da bai kai kaurin ashana ba a bakin, a can ƙarshe ya ninka sau da yawa. Ka san yadda muke karya waya in babu filaya, a lanƙwasa nan a lanƙwasa can har ta yi zafi ta rabu. Ƙarfe mai kauri ma haka yake mutuwa, sai dai ya fi daɗewa. Kariyar kirki tana zuwa da fin mai zare da ake ɗaurewa da sifana, ko wani ƙulli a ciki da ke buɗewa ya cika bakin. In ka ɗaure ka girgiza, motar gaba ɗaya ya kamata ta motsa.

Ka ce mu haɗa tamu. Za mu iya, amma bari in gaya maka abin da ya same ni. Ina sabon buɗe gareji na yi wa wani mai a-kori-kura irinta da fayif mara kauri, na yi waldar daidai kan kusurwa ban sa mata ƙarfen tallafi ba. Ta yi kyau a ido, na shafa mata baƙin fenti. Sati uku ya dawo da ita a hannu. A hanyar Mai'adua ta tsage, keken ya faɗo, Allah ya kiyaye mai babur ɗin da ke bayansa ya kauce. Da na duba, waldar tana nan daram, gefenta ne ya yage, rabin tsagar har ta yi tsatsa, alamar ta daɗe tana ci a ɓoye. Na kwana biyu ban yi barcin kirki ba. In za mu yi wa Alhaji, fayif mai kauri za mu sa, wuyan ya zama guda ɗaya ba haɗi, da tallafi a kowace kusurwa, kuma ba za mu huda shasinsa ko mu kai masa wuta ba. In ya ji kuɗin, zai ga bai yi nisa da na sayen ba.

Kuma ka ja masa kunne tun yanzu: wannan ta keke ce. Ranar da wani zai ce a ɗora Boxer a kai, ya tuna babur ɗin nan ya haura kilo 100.

Ka duba inda salansa ke hurawa, don zafinta yana narka tayar keke da robar ɗauri in suna saitinta. In kekunan sun rufe lamba ko fitilar birki da sigina, mu yi masa allo da fitilu a bayan kariyar, saboda na bayansa ya gan shi cikin ƙurar hunturu, kuma 'yan Road Safety ba za su ƙyale shi ba. Duk tafiya, in ya sauka daga kwalta ya yi ɗan nisa, ya tsaya ya taɓa kowane ɗauri da hannunsa, ya kuma ƙara wa kowane keke bel guda a kan na kamfani.

Gobe da safe ka zo da tef da tocila da katakon nan dogo na bayan injin. Kai za ka yi awon, ka rubuta mini faɗin bakin, adadin da ke kan allon, da nisan fin zuwa safaya, sannan mu kira Alhaji.