Daga Sakkwato zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi?

Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya sa Hajiya ta je lafiya ta dawo lafiya. Ka ce za ta Umara kana son sanin nisa da tsawon tafiyar.

Daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Jidda kusan kilomita 3,700 ne a miƙe, in jirgi ya tashi kai tsaye kamar na alhazai wajen awa 5 zai yi a sama. To amma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage kan kauce wa sararin samaniyarsu su zagaya, sai tafiyar ta ƙara tsawo. Kuma Umara ba kamar Hajji ba ce, galibi sai an je Abuja ko Kano an hau wani, wani lokacin ma a yada zango a Alkahira ko Adis Ababa, ka ga wuni guda ya tafi ke nan.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya ta riga mu da awa 2, lokacin sauka da ke kan tikiti na can ne, kar ka lissafa da namu ka ɗauka awa 7 za ta yi.

In lokacin hunturu ne ka bar tazara sosai tsakanin jiragen, hazo kan hana tashi a nan, wallahi ban so dattijuwa ta rasa jirgi a Abuja. Ainihin jadawalin ka tambayi ejan ɗinku, in kuma tana da hawan jini ko ciwon ƙafa ta ga likita kafin tafiya, magungunanta su kasance a jakar hannu.