Yarona na son zuwa taron manhaja a Beljiyam: in biya ko in bari?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, ina sarin shinkafa da sukari da man girki da taliya. Ina da shago a babbar kasuwa da mangaza biyu, kuma har yau da littafi muke aiki. Yarona ya gama karatun kwamfuta a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ya matsa mini mu koma amfani da wata manhajar lissafin kaya da ciniki mai suna Odoo, wai kyauta ce, kuma akwai babban taronta da ake yi a Beljiyam, in biya masa ya je ya koyo. Da muka haɗa kuɗin jirgi da biza da masauki, abin ya doshi sefa miliyan biyu. Ba na son in karya masa gwiwa, amma kuɗin ba kaɗan ba ne. In biya ko in bari?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa yaron albarka.

Bana dai kada ka biya. Amma kada ka ce masa a'a ka yi shiru, domin abin da ya hango gaskiya ne: mai shago ɗaya da mangaza biyu ya wuce a ce littafi kaɗai ke riƙe da dukiyarsa. Abin da nake gani shi ne tambayoyi biyu ne suka cuɗe muku. Akwai buƙatar kasuwarka, akwai kuma makomar yaron, kuma taron Beljiyam makomar yaron ya fi shafa.

Irin wannan manhaja ana ce mata mai buɗaɗɗen tushe, wato masu ita sun fitar da rubutun da aka gina ta da shi, sun ba kowa izinin ya sauke ta, ya yi aiki da ita, ya duba cikinta, ya gyara ta yadda za ta dace da shi. Ba kayan wasan yara ba ne. Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, ita ce ƙashin bayan wayar Android da ke aljihunka. A 2019 kamfanin IBM ya sayi kamfanin Red Hat a kan dalar Amurka biliyan 34, alhali Red Hat da irin wannan manhaja ya yi arziki. Ta ina kuɗin ke shigowa? Ta hidima: girkawa, kulawa, gyara, da amsa kira in abu ya tsaya. Ka riƙe wannan, Alhaji, don nan ne kuɗinka zai tafi kai ma. Kamar a ba ka fili kyauta ne. Ba mai karɓar kuɗin fili a hannunka, amma bulo da siminti da magini da mai gadi duk suna kanka.

Ita Odoo, wani ɗan Beljiyam ne, Fabien Pinckaers, ya fara ta a 2005 da sunan TinyERP, daga baya ta zama OpenERP, sai a 2014 aka raɗa mata sunan da take da shi yanzu. Kashi biyu ce. Akwai Community, wadda ba a biyan lasisinta, akwai Enterprise, wadda ake biya a kan kowane ma'aikaci da zai shiga cikinta. Cikakken sashen lissafin kuɗi yana cikin ta biyan. Mai amfani da ta kyautar sai ya nemo ƙarin sassa daga ƙungiyar masu sa kai da ake kira OCA ya haɗa da kansa. Kuma kowace shekara ana fitar da sabon zubi, kamfanin kuwa zubi uku na ƙarshe yake kula da su. Ke nan duk wanda ya girka ta yau, nan da ƴan shekaru akwai aikin ƙaura zuwa sabon zubi a gabansa, kuma aikin ba na yini ɗaya ba ne. Ka tambayi yaron wacce yake nufi a cikin biyun. In ya yi jim, to ka san da sauran bincike a gabansa.

Taron da yake magana shi ne Odoo Experience, wanda ake yi a Brussels, babban birnin Beljiyam, kowace shekara. Taron kamfani ne, su ke shirya shi don su nuna sabon zubinsu, su haɗu da dillalansu, su samu sababbin masu saye. Ba laifi ba ne, kowa na tallan hajarsa. Amma ba wanda zai tsaya a kan dandamali ya faɗa wa yaronka cewa wata manhajar ta fi dacewa da mangazarka. Jawaban da ake yi a can kuma ana ɗora su a YouTube, zai iya kallonsu daga ɗakinsa da kuɗin intanet kawai. Ga wahalar hanya: daga Maraɗi zuwa Yamai, sannan jirgi mai yada zango a wata ƙasa. Kuɗin neman bizar Schengen, wadda da ita ake shiga Beljiyam, kaɗai Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, kusan jika 59 ke nan, kuma in an hana shi ba a mayarwa. Saurayi da ya gama karatu, ba shi da takardar aiki, ba shi da kamfani da sunansa, shi ne aka fi yi wa tambayoyi.

Abin da mutum ke samu a taro wanda ba ya samu a bidiyo shi ne ya tsare gwani ido da ido ya ce masa: na yi kaza, abu kaza ya ƙi, ina mafita? Yaronka bai kai nan ba tukuna, don bai taɓa shigar da buhu ko ɗaya na kayanka cikin manhajar ba. In ya je yanzu, zai dawo da hotuna da zumuɗi, ba da amsa ba.

Tambayoyin da ya kamata ya tafi da su suna nan cikin mangazarka. Ɗauki ranar kasuwa ɗaya. Abokin cinikinka na Dakwaro ya aiko a loda masa shinkafa buhu arba'in bashi. Bayan mako ya turo rabi ta Nita, ya ba direba wani abu a hannu, ya dawo da buhu biyu ya ce ruwa ya taɓa su. Wani kuma ya taho ta Ɗan Isa daga ɓangaren Jibiya, naira ce a hannunsa, kuma tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a watan Yunin 2023 canjin safe ba lalle ya zama na yamma ba. A shago an farke buhun sukari ana aunawa da tiya, an buɗe katan ɗin taliya ana sayarwa ɗai-ɗai. Mai riƙe maka littafi duk wannan yana kansa, ya san wanda ake ɗaga wa ƙafa da wanda ba a ƙara wa ko ƙwaya sai ya biya na baya. Manhaja za ta iya riƙe waɗannan duka, amma sai an zauna an koya mata: buhu tiya nawa ne a wurinka, wa ke sa canjin naira na yau, iyakar bashin kowa nawa ne, ina ake rubuta kayan da suka lalace. Wannan aikin ba a Brussels ake yin sa ba. A kan tabarma ake yin sa, kai da yaron da mai littafin.

Sai batun hukuma, wanda masu zumuɗin manhaja suka fi mantawa da shi. Nijar na cikin ƙasashen OHADA, masu bin dokokin kasuwanci iri ɗaya, kuma tsarin lissafinsu, SYSCOHADA, da aka sabunta ya fara aiki tun 1 ga Janairun 2018. Harajin TVA na gama-gari kashi 19 ne cikin ɗari. Akwai lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji, da za ta fito a kan faktir, akwai kuma tsarin faktir mai tabbaci na ma'aikatar haraji. Kafin a zaɓi kowace manhaja, yaron ya ɗauki samfurin faktir da rahoton wata da ta fitar, ya kai wa akantan da ke haɗa maka takardun ƙarshen shekara, ya kuma je ofishin haraji na nan Maraɗi ya tambaya ko za su karɓa. In ba su karɓa ba, aiki biyu za ku riƙa yi, kuma yaran shago ba za su jure aiki biyu ba, za su watsar da ɗaya.

Wuta da intanet kuwa ba sai na faɗa maka ba. Ka tuna yadda aka sha bayan da Najeriya ta yanke lantarki a watan Agustan 2023. Duk tsarin da zai tsaya cik in wuta ta ɗauke bai dace da kasuwarmu ba. A yi tanadin sola da batir, a kuma gwada a gani: in intanet ya yanke ana tsakiyar ciniki, me ke faruwa?

Ba Odoo kaɗai ba ce a fagen. Akwai Dolibarr, wadda aka fara a Faransa, ba ta da nauyi, kwamfutar hannu madaidaiciya na ɗaukarta, kuma ga mai sari irinka tana iya wadatarwa. Akwai ERPNext ta kamfanin Frappe na Indiya, wadda ba a raba ta gida biyu ba, dukanta a buɗe take. Ban ce ɗaya ta fi ɗaya ba. Na ce mai son ya kashe maka miliyan biyu ya fara gwada biyu aƙalla, ya zo ya gaya maka dalilin zaɓinsa.

Ga abin da zan ba ka shawara. Ka ware wani ɓangare kaɗan na kuɗin nan, a sayi kwamfuta ɗaya mai kyau da ƙaramar na'urar buga takarda da batir. A zaɓi mangaza ɗaya, ƙaramar. A rufe ta yini guda a ƙirga komai, buhu buhu, katan katan, a shigar. Daga nan wata uku ana rubutawa a littafi ana kuma shigarwa a kwamfuta. Duk ƙarshen wata a sake ƙirga kaya, a duba wa ya yi daidai da abin da ke ƙasa. Kada a taɓa littafin bashi na manyan abokan ciniki sai gwajin ya yi kyau.

Akwai wani abu da ya fi damuna, kuma ina roƙonka ka ba shi muhimmanci ko da ɗanka ne na cikinka. Babban amfanin buɗaɗɗen tushe ga ɗan kasuwa shi ne ba a ɗaure ka ga mutum ɗaya ba: in wanda ya girka maka ya tafi, wani gwanin zai iya ɗorawa daga inda ya tsaya. Amma wannan ba ya tabbata sai bayanan suna hannunka. Lambobin sirri na babban mai iko a rubuta su a takarda, su kwana a inda kake ajiye takardun gida. Kowace Juma'a a kwafe bayanan duka a wata ma'ajiya, a kai ta gida, kada ta kwana a kasuwa, mun san abin da gobara ke yi wa kasuwanni. Sau ɗaya a wata yaron ya nuna maka a gabanka cewa kwafin nan yana buɗuwa. A koya wa mutum na biyu. Yaro mai ilimi irin wannan gobe ana iya kiransa aiki Yamai, kuma ba za ka hana shi ba. A kuma tsara tun farko wa ke da ikon goge faktir ko sauya farashi, domin kwamfuta ba ta hana ha'inci, tana dai barin sawu in an saita ta da kyau.

Mai riƙe maka littafi kuma, in dattijo ne da ya daɗe tare da kai, kai da kanka za ka yi masa bayani, ba yaron ba. Ka nuna masa ba kujerarsa ake nema ba. In ya ɗauka an zo a tsige shi, aikin nan ba zai yi nisa ba, kuma abin da ke kansa na sanin mutane babu manhajar da ta zo da shi.

To, makomar yaron fa? Nan ne taron ke da ma'ana. Maraɗi gari ne na Alhazai masu mangaza, kuma da yawansu inda kake nan suke. In ya yi nasara a mangazarka, ya samu abin nunawa, kuma girka wa mutane irin wannan tsari da kula da shi sana'a ce mai ci. Ranar da ya yi rajistar kamfaninsa, ya samu mutum biyu ko uku da ke biyansa duk wata, zuwa Beljiyam ya zama neman ilimi da abokan hulɗa don sana'arsa, kuma takardun bizarsa ma sun fi ƙarfi. A lokacin in ka ga dama ka biya masa, sai dai ka rubuta shi a matsayin jarin da ka ba ɗanka, kada ka zuba shi cikin kuɗin da shago ya kashe, don kada lissafin ribarka ya rikice.

Ka kira shi yau ka ce masa ka yarda da manhajar, ka ba shi ƙaramar mangaza da wata uku, maganar tafiya kuma sai baɗi in Allah ya kai mu. In kun yi ƙidayar wata na farko, ka aiko mini da bambancin da aka samu tsakanin littafi da kwamfuta da abin da ke ƙasa, mu duba tare.