Amsa ga mai tambaya kan zanen yarinya irin salon Liu Ye

Assalamu alaikum Malama. Kin ce kin gwada zana yarinya tsaye gaban allon Mondrian, mai zanen nan na baƙaƙen layuka da murabba'ai masu launi, kamar yadda Liu Ye, mai zane ɗan ƙasar Sin, yake yi, amma ta fito tamkar katun ɗin bangon makarantar nazire, jan bayanta duk sawun burushi, baƙaƙen layukan kuma sun malala. Wallahi da na karanta sai da na ji abin a raina, domin duk wanda ya kama wannan salo ya ɗanɗani wannan takaicin. Kada ki jefar da kanbas ɗin, wato ƙyallen da kika yi zanen a kai, tukuna.

Daga hoton da kika turo, da yarinyar kika fara, sannan kika nema wa sauran abubuwa wuri. A nan aka samu matsala. Liu Ye, haifaffen Beijing a 1964, fasalin kayan masana'antu ya fara koya, sannan zanen bango, kafin ya tafi Berlin a 1990, ya kuma yi zama a Amsterdam a 1998. Mutum ne da idonsa ya saba da awo. Mondrian da Dick Bruna mai zomon nan Miffy, waɗanda yake yawan sakawa a aikinsa, duk 'yan Holan ne masu aiki da layi bayyananne da tsagwaron launi. Abin da ke sa yaransa su zama abin tausayi shi ne ƙanƙantarsu a cikin fili mai tsauri, wanda aka auna komai nasa.

To ki ajiye fenti. Ki ɗauki takarda ki yi ƙananan gwaji goma, kowanne santimita 8, da da'ira da murabba'i kawai. Idan kanbas ɗinki 60 da 60 ne, ki mai da kan yarinyar ma'auni: faɗin kai santimita 10, tsayinta gaba ɗaya 30, wato kai uku. Tsayin babban mutum yakan yi kai bakwai da rabi, yaro mai tatata wajen huɗu, ukun nan shi ke ba da kamannin 'yar tsana. Layin daɓe ya zauna santimita 10 daga ƙasa, allon da ke bango 20 da 20, gefensa ɗaya ya yi daidai da tsakiyar kanta ko kafaɗarta. Ki juya takardar ƙasa ta koma sama. In har yanzu ta zauna daram, ki hau kanbas.

Fuska kuwa, idanun su sauka ƙasa da tsakiyar kai, ƙanana, nesa da juna, baki ɗan ƙarami a rufe. Da zarar haƙora sun fito kin koma tallan biskit. Ki kuma goge baƙin layin da kika kewaye jikinta da shi, shi ne rabin katun ɗin. Haske ya shigo ta gefe guda, inuwa ta bi zagayen kai a hankali kamar a jikin ƙwai, abin da ya ɗauko wurin tsofaffin masu zanen Turai irin su Vermeer.

Sai maganar tef da ake mannawa don layi ya fito miƙe, wadda ita ce mai karya zuciya. Mutum ya kwana biyu yana gyara farin fili, ya manna tef, ya shafa baƙi, ya jira, ya ja tef ɗin yana murna, sai ya tarar baƙin ya kutsa ƙarƙashi ya yi ƙafafu kamar shanshani. Ba a iya goge shi, fentin akirilik mai saurin bushewa ne, ya riga ya kama. In aka rufe da fari sai ya yi tudu, kuma baƙin yana leƙowa ko bayan shafi uku. A daidai nan mutane da dama suke cewa ba su da baiwa, alhali saƙar kanbas ce kawai: tana da ramuka, tef yana hawa kan tudun zaren ya bar hanya a ƙasa. Maganin kashi biyu ne. Tun farko jeso, wato farin shafin da ake yi wa kanbas kafin fenti, shafi huɗu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, kowanne ya bushe a bi shi da samfefa mai lamba 320 ko 400 har fuskar ta yi sumul. Sannan bayan manna tef, ki danne bakinsa da bayan cokali, ki shafa farin nan na ƙasa a kan bakin tef ɗin tukuna. Shi zai kutsa ya toshe ramukan, kuma ba a ganinsa. Ya bushe, sai baƙi siriri sau biyu. Ki cire tef tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba, ki ja shi baya a karkace, sannu a hankali. Kada ya kwana a jiki.

Kuma Allah ya isa tsakaninmu da masu sayar da fentin da aka cika da alli su ce akirilik ne na ƙwararru. Ki shafa kaɗan a kwali, in ya bushe ya yi fari-fari ko yana bin yatsa, ba na wannan aikin ba ne. Sun sa mutane suna zargin hannunsu a banza, ka koma ka yi magana a ce ai kai ne ba ka iya ba. Haka tef ɗin takarda mai arha, gam ɗinsa narkewa yake a zafi ya bar danƙo a kan aiki.

Ja yana sawu ne saboda yawancin jan akirilik shara-shara ne, ana hango na ƙasa. Ki fara shimfiɗa ruwan hoda ko ruwan lemo mai rufewa, sannan ja siriri sau biyar zuwa shida da faffaɗan burushi mai laushi, kowane shafi ya gitta na baya. Ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100, in ya fi haka ki tsinka da midiyom, wato ruwan akirilik marar launi. A hunturu fenti yana bushewa tun a bakin burushi, ki ɗiga ritada kaɗan, wato ruwan da ke jinkirta bushewa, ki kashe fanka, ki jingina kanbas fuskarsa na kallon bango saboda ƙura. In za ki ƙarasa fuskar da fentin mai, ya hau kan akirilik lafiya, amma akirilik a kan mai ɓarewa yake.

Ni dai a ganina ya kamata ki leƙa aikin Feng Zikai, mai zane ɗan ƙasar Sin wanda ya rasu a 1975. Da 'yan layukan tawada yake zana yara, sau da yawa ko ido ba ya sa musu, karkatar kai kaɗai ke faɗin komai. Da Lin Fengmian, shi ma ɗan ƙasar Sin, mai yanka takarda murabba'i ya gina mutanen wasan dandamali da alwatika da da'ira. Bawan Allah da hannunsa ya jiƙa ayyukansa ya lalata su lokacin juyin al'adun ƙasar Sin, kuma duk da haka aka ɗaure shi shekara huɗu da wani abu.

Wannan kanbas da ya ɓaci, ki bi shi da samfefa har tudun layukan ya kwanta, jeso shafi biyu, ya dawo sabo. Ki turo mana ƙananan gwajin goma kafin ki buɗe fenti.