Lanƙwasa waya daban, motsa haƙori daban

Ɗana, jiya da yarinyar nan ta fita ka tambaye ni me ya sa na ƙi ɗaura mata wayar gyaran haƙori, alhali kuɗin na hannunta, kuma a cewarka ka fi wasu likitocin iya riƙe filaya. Ban musa maka ba, hannunka na da kyau. Na yi shiru ne saboda akwai mutane a shagonmu na ƙera haƙoran roba.

Ɗauko kwafin bakin nan na filasta da ke kan kanta. Me kake gani? Kawunan haƙora da ɗan dasashi. Abin da ya fi rabin haƙorin yana binne cikin ƙashin muƙamuƙi, kuma can ne aikin yake gudana. Idan waya ta matsa haƙori, ƙashin da ke gabansa yana narkewa a hankali, wani sabo yana tsirowa a bayansa. Kusan milimita 1 a wata, shi ke nan gudunsa. Ka ƙara ƙarfi don mai haƙori ya ga sakamako kafin biki, sai saiwar ta fara cinyewa, ba tare da wani ciwon da zai gargaɗe ka ba. Na taɓa ganin wata da aka ɗaura wa waya a wani shagon kwalliya, wai a rufe mata wushirya, wushiryar da a zamaninmu ake yi wa kirari. Da aka kawo ta, haƙoranta biyu na gaba suna girgiɗi, kana taɓawa da yatsa suna amsawa. Likita ya cire su, ni na haɗa mata na roba. Ba ta kai shekara 20 ba.

Wanda doka ta yarje wa wannan aiki sai da ya yi shekara 6 a jami'a yana karatun likitan haƙori, a irin su Jami'ar Legas ko Bayero a nan Kano, kuma sai makarantar da hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci da likitocin haƙori a Najeriya, ta duba ta amince da ita. Ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ya yi bautar ƙasa. Duk da haka likitan haƙori ne kawai, bai zama ƙwararren mai daidaita jerin haƙora ba tukuna. Sai ya ci jarrabawar share fage, ya samu gurbi a asibitin koyarwa, ya ƙara shekara 5 ko 6 a ƙarƙashin manya, in bai faɗi jarrabawa ko ɗaya ba. Masu jarraba shi su ne Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko kuma Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Su kan je asibitin da kansu su ƙirga malamai da kujerun aiki da yawan marasa lafiya kafin su yarda a horar da kowa a wurin. In sashen ya gaza, sai su janye amincewarsu.

A cikin waɗannan shekaru, koyon lanƙwasa waya shi ne mafi sauƙi. Yawancin lokacin yana tafiya ne wajen karanta hoton ƙashin kai, da auna yadda muƙamuƙin yaro zai girma nan da shekara 3, da sanin yaushe za a cire lafiyayyen haƙori don a samu fili, yaushe kuma matsalar ta ƙashi ce wadda sai tiyata. Tun 1900 da likitan haƙori Edward Angle ya buɗe makarantarsa ta daidaita jerin haƙora a Amurka aka ware fannin daban, kuma har yau da rabe-rabensa uku ake bayyana yadda haƙoran sama da na ƙasa suke haɗuwa. Su ne kake gani a takardun da likitoci ke aiko mana.

Mu ma muna da hukumarmu mai yi wa masu fasahar haƙori rajista, kuma lasisina ya tsaya ne a kan wannan teburi: likita ya auna ya rubuta, mu mu ƙera. In zuciyarka na son wancan aikin, shekarunka ba su wuce ba, je ka sayi fom ɗin JAMB, zan rage maka aikin yamma ka yi karatu.

Yarinyar kuwa, in ta dawo ka tura ta sashen haƙori na asibitin Malam Aminu Kano. Yanzu miƙo mini abin riƙe haƙoran da kake haɗawa. Ƙugiyar hagu ta yi tsawo, za ta soki dasashi, kuma gobe da safe za a zo karɓa.